Shagon Baba mai keke na wajen Tsohuwar Kasuwa: abin saye da abin bari ga mai doguwar tahiya

Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 keke ya dawo da darajarshi a garin nan namu na Sakkwato, malamin makaranta da ɗalibi da ɗan kasuwa kowa ya jawo nashi daga bayan ɗaki ya kakkaɓe. Amma keken zuwa wurin aiki daban, keken da za ka ɗora ma kaya ka nuhi Argungu ko Illela ka kwana bisa hanya daban, kuma kan wanga na biyun ne mutane ke ta damuna da tambaya wai ina nike sayen kayana. To wani shago ne wajen Tsohuwar Kasuwa, na wani dattijo da kowa ke ce ma Baba, ba ya da allo ba ya da suna a rubuce, tayoyi ne kawai rataye bakin ƙohwa da kekuna jere har kan hanya. Hukuncina a taƙaice: keke da gyaran keke, ka je wurinshi ido ruhe. Kayan kwana da jakunkuna da hitilu, ka riƙe kuɗinka ka wuce gaba.

Kekunan da ke shagon kashi uku ne. Akwai baƙin keken nan na iyayenmu mai taya 28, su Phoenix na China da Hero na Indiya, wani lokaci ma ka tarar da tsohon Raleigh na Ingila da wani ya kawo a sayar mashi. Akwai sababbi dal cikin leda masu launi da sifirin gaba da baya, waɗanda yara ke mutuwar so. Sai kuma na gwanjo, waɗanda ake ce ma Beljiyam ko da daga Japan sunka hito, sun sha amfani can ƙasarsu amma ƙarhen su na ƙwarai ne.

Baba shi mutumin baƙin keke ne, in ka ce mashi tahiya mai nisa za ka, shi zai hwara nuna maka, kuma ba zan ce ba ya da gaskiya ba. Wanga keken shi ne ke ɗauko buhun albasa da gero daga ƙauye zuwa kasuwa tun kahin a haihe mu, kariyar shi ta ɗora kaya a baya ƙarhe ce mai kauri, zaman shi a miƙe kake ba ka duƙa ba, giya ɗaya ce babu abin da zai lalace, kuma babu ƙauyen da za ka shiga tsakanin nan da Tambuwal da mai gyara bai san cikinshi da wajenshi ba. Cewa yay yi da ni, "Ɗana, da tsohuwar zuma ake magani, wanga ko jikanka sai ya hau shi." Nic ce Baba na yarda, amma ƙahwahuna ba su yarda ba. Nauyi gare shi tun kahin ka ɗora komai, birkin shi na sanda ne da ke kama rim na ƙarhe, in ruwa ya taɓa shi sai ka yi ta matsawa keke na ta tahiyarshi, sannan giya ɗayan nan da ke zama alheri wurin gyara ita ce ke zama azaba ranar da iska ya tare ka gaba da gaba. In tahiyarka ba ta wuce Bodinga ko Kware ka dawo ba, ko kuwa kai mai ƙarhi ne da ya saba da shi tun yarinta, saye shi ka huta. Ni dai ban ɗauke shi ba.

Masu sifirin ɗin nan kuwa, don Allah kar kyawunsu ya ruɗe ka. Sifirin ɗin baya shina cinye ƙarhin da kake takawa, kowane taki keke na lotsawa maimakon ya yi gaba, ba su da ramin da ake ɗaure kariya, giyarsu ta roba ce da gwangwani. Abin da ya burge ni, Baba da kanshi bai yabe su ba duk da su ne ke kawo mashi ciniki, yac ce na yara ne su zaga unguwa. Ɗan kasuwar da zai hwaɗi aibin hajarshi ai ya cancanci a koma wurinshi.

Wanda nis saya, kuma shi nike ba kowa shawara, tsohon keken hawan dutse ne na gwanjo mai taya 26, jikin ƙarhe, babu sifirin ko ɗaya, giyar Shimano uku gaba bakwai baya, birkin waya mai kama rim. Dalilina ɗaya ne tak, kuma shi ne ma'aunin da nike auna duk wani abu da ke shagon: in ya lalace a ƙauyen da ba lantarki, akwai mai gyara shi? Jikin ƙarhe in ya tsage duk mai waldar da ke gyaran ƙohwa da amalanke zai liƙe maka ka isa gida, na alminiyom kuwa sai walda ta musamman da ba ko'ina ake samunta ba. Birkin waya in ya tsinke wayar na nan ga kowane mai gyara, amma birkin nan na zamani mai aiki da mai cikin tiyo, in ya yi yoyo a Gwadabawa sai dai ka ɗora keken bisa mota. A intanet za ku ga Turawa na yabon su Surly Long Haul Trucker da Trek 520, kekuna ne da anka ƙera don doguwar tahiya kuma ba shakka suna da kyau, sai dai in ka diba da kyau abin da ya sa ake yabonsu shi ne jikin ƙarhe da ramukan ɗaure kariya da doguwar ƙahwar baya, kuma tsohon keken gwanjon da ke jingine shagon Baba shina da mahi yawan wannan a kuɗin da bai kai kuɗin jirgin da zai kawo maka wancan ba.

Wani tarko da ya kamata ku sani game da lambar taya, don ko yaron shagon wani lokaci shina ruɗewa. Ba duk 26 ba ne 26. Na keken dutse ana rubuta 26 x 1.95 ko 26 x 1.75, kuma in ka diba gehen tayar za ka ga wata lamba 559. Kekunan Japan masu kwando gaba su kuma 26 x 1 3/8 ne, lambarsu 590, tayar wanga ba ta shiga rim ɗin wancan ko da za ku kwana kuna turawa. Baƙin keke 635 ne, siraran kekunan tsere da ake ce ma 700C kuma 622. Ka riƙe lambar nan ta ukun, irin su 559 da 590, a kai, ita ce ba ta ƙarya. Haka bawul: ka tabbata tif ɗinka mai bawul irin na mashin da mota ne, don kowane mai hwaci bakin titi zai iya ba ka iska, siririn nan na kekunan tsere in ba ka da hwamhon shi ka shiga uku.

Baba shina barin mutum ya gwada keke, wannan babban abu ne, wasu shagunan ko taɓawa ba su so ka yi. Ka hau ka zaga, ka canza giya duka ɗaya bayan ɗaya kana takawa da ƙarhi ka ji ko sarƙa na tsalle, in tana tsalle haƙoran sun cinye. Ka juya keken ƙahwahu sama ka diba inda ƙarahuna sunka haɗu, musamman ƙarƙashin wuya da wajen feda, in ka ga hwenti ya yi ƙwanƙwarewa ko layi siriri to ya taɓa buguwa. Ka kwance sandar sirdi ka ga tana hita, don na gwanjo da yawa tsatsa ta liƙe ta, in ta liƙe ba ka iya daidaita tsawonka. Tsawo kuma ba wasa ba ne, in ka zauna diddigenka na bisa feda a ƙasa ƙahwarka ta miƙe sak, to ya yi, in gwiwa na lanƙwashe da yawa kahin ka kai Sifawa za ta gaya maka.

Wani zai ce ƙasarmu ai shimhiɗe take, mi za a yi da giya 21. Iska, ɗan uwa. Lokacin da ya hi daɗin tahiya da keke a nan shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, don daga Maris zuwa Mayu zahi na wuce digiri 40 kuma wanda duk ya ce maka ya ji daɗin tuƙa keke cikin Afrilu a Sakkwato ka binciki maganarshi. To iskan hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. In ka nuhi Argungu ta Bodinga da Yabo, kusan kilomita 100, iskan na bayanka shina tura ka, za ka ji kanka gwani, ka isa ka shiga gidan tarihin Kanta ka sauka bakin Matan Fada kana ta murna. Dawowar ce za ka biya bashi. Hanyar Illela kuma, kimanin kilomita 85, akasin haka ne, zuwa ne wuya dawowa daɗi. Ranar da iska ke gabanka ga kaya ga ruwa, ƙaramar giyar nan da kake rainawa ita ce za ta cece ka, haka in ka sauka kwalta ka shiga rairayi, misali za ka ziyara Degel inda Shehu ya zauna kahin hijirar 1804.

Yanzu taya, wurin da nike son in daɗe, don duk wahalar tahiyar keke a ƙasar nan rabinta ƙaya ce. Tsaido shi ne babban abokin gaba, ɗan ƙaramin abu ne a shimhiɗe gehen titi amma duk yadda ya kwanta ƙaya ɗaya na kallon sama, ka sauka kwalta don ba tirela hanya ka hau kanshi shi ke nan. Sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da hwarar ƙaya, waɗanda ke zube daidai ƙarƙashin inuwar da kake marmarin ka huta. Dabarar ita ce kar ka tuƙa keke zuwa gindin itace, ka sauka ka ɗaga shi ko ka jingine shi nesa kaɗan, kuma kahin ka tashi ka shahi tayoyin da hannu ka cire abin da ya maƙale tun bai nutse ba. Tayoyin da Baba ke sayarwa sababbi iri biyu ne, akwai masu araha da robarsu ke da laushi da sirantaka, waɗannan araha ba ta ado, sai masu ɗan kauri da tsada kaɗan, su ne za ka ce a ba ka. Amma abin da ba kowa ya sani ba, shina tara tayoyin da sunka zo jikin kekunan gwanjo a wani lungu, in ka yi haƙurin tonawa wani lokaci ka ci karo da Schwalbe Marathon, tayar Jamus ce mai wani shimhiɗi na kariya ƙarƙashin roba, ko ta sha tahiya ta hi sabuwar araha nesa ba kusa ba. Ka lanƙwasa gehenta dai ka ga ba ta tsattsage ba don daɗewa. In ba ka samu ba, yaron shagon shina da dabarar yanke tsohuwar taya ya cire wayar bakinta ya shimhiɗa ta cikin sabuwar, keke na ƙara nauyi kaɗan amma hwaci na raguwa ƙwarai. Kar ka zaɓi mai manyan ƙusoshi irin ta laka, bisa kwalta gurnani kawai take tana ja maka baya, mai ɗan sulɓi a tsakiya mai hwaɗin 1.75 zuwa 2.0 ita ce daidai. Iska kuma kar ka cika har iyakar lambar da anka rubuta, kwalta mai zahi na ƙara mata ƙarhi da rana.

Yaron shagon nan ya cancanci a yaba mashi daban. Ban san mai ɗaurin wili kamarshi ba a garin nan. Wilin baya shi ke ɗaukar kai da kayanka duka, kuma wayoyinshi su ne ke hwara tsinkewa, kullum ta gehen giya inda cirewa ke da wuya. Ka nemi mai waya 36, ba 32 ko 28 ba, ka ba yaron ya zauna ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙara iri guda in an kaɗa, ya wanke boris ya sa sabon giris. Ba ya gaggawa, kuma in ka tsaya kanshi kana kallo zai koya maka ba ya ɓoyewa. Ka ce ya ba ka wayoyi 'yan kaɗan daidai tsawon naka ka ɗaure su jikin keke da salatif. Wani abu da ya gaya mani kuma na ga gaskiyarshi, kekuna masu firiwil na murɗawa, wato haƙoran giyar baya da ake murɗa ma wili, gatarin bayansu, sandar nan ta tsakiyar wili, na lanƙwashewa in kaya sun yi yawa, don haka gatari guda na ajiya ba asara ba ne, ba ya da nauyi ba ya da tsada.

To daga nan yabo ya ƙare. Kariyar da suke sayarwa sabuwa, ta alminiyom siririya da anka rubuta ma kilo 25 a jiki, ban yarda da rubutun nan ba ko kaɗan, tawa ƙahwarta ta karye wajen noti tun ban yi wata tahiyar kirki da ita ba, kuma da nim maido ta Baba cewa yay yi ai ni nic cika mata kaya. Ban ja da shi ba don girmanshi, amma raina bai so ba. Abin da ya hi shi ne ka sayi kariyar baƙin keke ta ƙarhe, ka kai ma mai walda ya gyara mata ƙahwahu daidai keken ka, ya ƙara sanda ɗaya kowane gehe da za ta hana jaka shiga cikin waya. Mummuna ce, nauyi gare ta, amma ba ta san karyewa ba. Notocinta ka sa masu wanshar da ke hana kwancewa kuma ka riƙa dibansu kowace sahiya, girgizar hanya na kwance su a hankali.

Jakunkunan da ke rataye shagon ma na ado ne, zip ɗinsu ƙura ɗaya ke kashe shi. Su Turawa Ortlieb suke yabo, jakar Jamus da ruwa ba ya shiga, mu ko da hunturu wane ruwa muke tsoro, ƙura ce matsalarmu. Ka je wurin masu ɗinkin tamfol ka kai masu awon kariyarka su ɗinka maka tagwayen jaka irin mangala, baki mai naɗewa da maɗauri ba zip ba, a sa hwalle na katako ko roba mai tauri ta ciki don kar ta lanƙwashe, a yanke kusurwar gaba don diddigenka kar ya riƙa bugunta. In kana son kyau ka kai ma dukawa su yi maka maɗaurai na hwata, garin jar akuya muke, wanga ba abin nema ba ne. Kaya masu nauyi ƙasa, nauyin dama da hagu daidai, wani abu kaɗan a gaba don kan keke kar ya yi ta rawa. Robar tsohon tif kuwa Baba kyauta yake ba da ita, ka ɗebo da yawa, babu igiyar da ta kai ta.

Sirdi, kar ka zaɓi mai laushin nan mai kumburi, daɗinshi na minti kaɗan ne daga baya shi ke goge maka hwata. Mai ɗan tauri da hwaɗin da ya dace da ƙashin zamanka ya hi. Masu kuɗi na sayen Brooks na hwata daga Ingila da ke ɗaukar siffar mai shi a hankali, in ka ga tsohonshi jikin keken gwanjo kar ka nuna zumuɗi gaban Baba, ka dai saye. Gajeren wandon nan mai soso na 'yan tsere shina taimako, amma ka sa shi ciki ka ɗora wandonka na mutunci, ba za ka shiga garin mutane ka gaida dattawa a matse ba. Ƙahwar wando ta dama ka ɗaure da roba kar sarƙa ta ci, rawani ko hirami don hanci da baki, tabarau don ƙura, hular kwano kuma ku daina jin kunyarta.

Hitilunsu masu caji, biyu daga cikin waɗanda yaron ya kunna mani a gabana ba su ma kama ba. Ka nemi jar hitilar baya mai kyau wani wuri, ka sayi rigar nan mai walƙiya irin ta masu aikin titi, sai madubi, wanda shi kam na shagon ba laihi. Hanyoyinmu tireloli ne da motocin siminti da masu lodin albasa da shanu, mahi yawan wuri babu kahwaɗar titi, madubin nan shi zai gaya maka lokacin sauka. Da dare kuwa ba a tahiya, magana ta ƙare.

Sai tanti, wanda shi ne abin da samari ke hwara tambaya don sun gani a bidiyo. Baba shina da 'yan ƙananan tantunan China masu sandar roba, ruhi ɗaya, babu tagar kirki. Da zahi cikinshi kamar tanderun mai burodi, da hunturu kuma iskan asuba na kwantar da shi bisa huskarka, sandunan na tsagewa, turakunshi sirara ba su kama rairayi. In dole sai ka saya, ka nemi gidan sauron nan mai tsayuwa da kanshi mai ƙasa a ɗinke da zip, shina hana sauro da kunama, iska na shiga, sai ka haɗa da ɗan tamfol na shimhiɗa da bargo mai kauri don sanyin Janairu na ƙarshen dare ba wasa ba ne. Takalmi ka kakkaɓe kahin ka sa.

Amma gaskiyar magana, a ƙasar nan ba a kahwa tanti cikin daji a kwana, kuma duk wanda ya ba ka wagga shawara bai san halin da muke ciki ba. Gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, kowa ya san matsalar 'yan bindiga, haka wajen Tangaza da Gudu, ni ban ba kowa shawarar ya nuhi can da keke ba, ko Wurno da mutum ke marmarin ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Bello sai ka tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, kuma wagga tambaya ka yi ta kowace hanya za ka bi, labarin makon jiya ba ya aiki yau. Ko inda lahiya lau ne, baƙon da anka gani ya ɓuya bayan gari da tanti 'yan banga za su ɗauke shi wani abu daban, kuma ba su yi laihi ba. Ka isa gari kahin Magariba, ka yi salla da jama'a, ka gaida liman, ka ce a kai ka wurin mai gari ka hwaɗi sunanka da inda ka hito da inda za ka, katin shaidarka na aljihu. Zaure za a ba ka ko barandar masallaci ko ajin makaranta, sau da yawa har da tuwo, sai ka kahwa gidan sauronka nan. Ka riƙe goro ko dabino ko sukari na gaisuwa, kar ka zo hannu rabbana ka tahi hannu rabbana.

Risho ma ban ga amhwaninshi ba sosai. Wanda ke shagon mai ƙaramin gwangwanin gas ne, in gas ɗin ya ƙare ina za ka samo wani a Yabo? Kowane gari bisa titi akwai mai shayi da burodi da ƙwai, akwai mai ƙosai da sahe, akwai Fulani da hura da nono, akwai mai tsire da yamma. Abin da za ka riƙe na tsakanin gari da gari ne, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, gyaɗa, garin kwaki da sukari. In kai ɗan shayi ne da ba ka iya haƙuri, ƙaramar buta da murhun waya irin na Buzaye da ɗan gawayi cikin leda sun wadatar, kuma suna jawo maka abokan hira duk inda ka sauka.

Ruwa shi ne kayan da ya hi komai nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ba a rage shi don neman sauƙi. Gorunan roba na shagon ƙanana ne kuma ruwa na ɗaukar warinsu in rana ta buga. Gorar lita ɗaya da rabi ta ruwan kwalba guda biyu jikin keke, da ƙaramar jarka a baya, ka naɗe su da tsumma ko buhun algarara ka riƙa jiƙawa, iska na busawa ruwan na sanyi. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis da ake ba mai gudawa, in ka ji kai na sarawa ko ƙahwa na ɗaurewa ka kaɗa ka sha. Hunturu na yaudara, ba ka ganin zuhwa don iska na busar da ita nan take, sai ka zaci ba ka rasa ruwa ba. Tsarin da ya hi shi ne ka tashi bayan Asuba da gari ya waye, ka taka har rana ta ɗaga, ka nemi inuwa ka yi Azahar ka kishingiɗa, bayan La'asar ka ƙarasa.

Kayan gyara dai a shagon za ka haɗa su duka kuma masu kyau ne: hwamho na hannu, tif biyu na ajiya, hwaci da sholisho sabo wanda ba a huda ba don buɗaɗɗe na bushewa cikin zahi, ƙarhen cire taya, sifana 15 ta wili da feda, 8 da 10, makullan alanki, filaya, wayar birki da ta giya, ɗan guntun sarƙa da abin yanke ta. Man sarƙa kaɗan ake ɗigawa a goge da tsumma, kar ka yarda a zuba maka baƙin man inji yadda anka saba, ƙura na liƙewa ya zama abin da ke cin haƙoran giya.

Hwarashi ba zan rubuta ba don dala na motsi shina motsi, amma Baba ba ya tsuga kuɗi irin na wasu, ragin da zai yi maka kaɗan ne, gara ka nemi ya haɗa maka da ɗaurin wili da sababbin robar birki cikin kuɗin, wannan shina yarda da sauƙi. Rasit sai ka roƙa, kuma ka roƙa ɗin, a rubuta lambar da ke ƙarƙashin keken, don a shingen jami'an tsaro ana iya tambayarka shaidar naka ne. Abin da ya hita shagon ba ya dawowa in ba keke ba ne, shi kam in wani abu ya taso cikin 'yan kwanakin hwarko suna gyarawa ba su karɓar ko sisi. Kekunan gwanjo masu kyau ba su kwana biyu in anka sauke kaya, don haka ka bar ma yaron lambarka ka gaya mashi tsawonka da irin wanda kake nema ya kira ka. Ka je da hantsi kahin kasuwa ta cika, ranar Juma'a kuma suna ruhewa da wuri sai bayan an sauko masallaci.